Ɗorawar Gwaggo Zulai

Zulai na wanke kalwa a tsakar gida wayarta ta yi ƙara. Mukarrama ce, matar ƙaninta Lawal, daga Likoro. Ko gaisuwa ba ta gama ba.

"Yaya, za a sare ɗorawarki."

"Wace ɗorawa?"

"Kina da wata ne? Masu gawayi na gona tun da hantsi. Sun fara da marke, daga shi sai kaɗanya, daga ita sai taki."

Zulai ta share hannu a zani. Da mahaifinsu ya rasu aka raba gado, gonar bakin fadama ta faɗa hannun Lawal, ɗorawar da ke tsakiyarta kuma aka ce ta Zulai ce. Ba baƙon abu ba ne: ƙasa ta wani, itacen da ke kanta na wani. Kowace bazara takan zo daga Makarfi inda take aure, ta kawo wa mai gona ƙullin daddawa, ta nemi izinin shiga, sannan ta zo da mata su sauke 'ya'yan. Garin ɗorawar na yara ne, kalwar kuwa ita ce sana'arta. Ban da itacen nan babu abin mahaifinta da ya rage a hannunta.

"Lawal ne ya sayar?"

"Biyu ya sayar, don man injin ban ruwa. Taki ba ta ciki. Jiya ne suka yi da yaronki a majalisa. Ki dai zo."

Zulai ta yafa mayafi. Ta kai bakin ƙofa, ta dawo ta ƙulla daddawa a ganye, ta saka a jaka.

Yaron nata shi ne Ukasha, ɗan farin Lawal. Tun da aka yaye shi aka ba ta riƙonsa, ita ta sa shi makaranta har ya tafi Kudu karatu mai nisa, ya dawo yana koyar da kimiyya a sakandare. Lawal bai taɓa kiran sunansa ba, kamar yadda uba ba ya kiran sunan ɗan fari. In yana da magana da shi, sai ya faɗa wa duk wanda ke kusa, in babu kowa ya faɗa wa bango. Shi ma Ukasha a kaikaice yake amsawa, ido a ƙasa. Haka suka zauna lafiya shekara da shekaru.

Da ta isa Likoro, a zauren gidan Lawal ta same shi, yana kai da kawo da waya a hannu. Ya durƙusa ya gaishe ta a gaggauce.

"Gwaggo, ina neman lambar ma'aikatan gandun daji ne. Kuma zan je wurin mai unguwa."

"Kafin ka samo su itacen na ƙasa. In kuma ka samo su, ka kai ubanka ƙara ke nan. Zauna. Me ya faru jiya?"

Ya zauna a bakin dakali. Ya ce bayan la'asar ne, a ƙofar masallaci. Wani ya kunna rediyo ana maganar za a ɗora haraji a kan mai. Wani dattijo ya ce shi bai taɓa ganin zafi irin na bana ba. Baba ya ce zafi dai zafi ne, kowace bazara haka mutane ke faɗa.

"Sai na ce a'a. Na ce an auna, duniya ƙara ɗumi take yi, kuma hayaƙin mai da na gawayi ne ke jawowa. Na ce wasu ƙasashe ma da gangan suke sa haraji a kan mai don a rage ƙonawa."

"Wa ka gaya wa?"

"Su duka."

"Wa kake kallo?"

Ya sunkuyar da kai.

"Ukasha."

"Shi."

"Cikin ido."

"Gwaggo, gaskiya ce fa. Na ce masa, 'Baba, kai ma itatuwan nan da ka sayar suna cikin abin da ke kashe maka albasa.'"

"Kai," in ji Zulai. "Ka ce masa kai. A gaban mutane."

"To sai ya juya wurin Jumare mai gawayi, ya ce, 'Jumare, har da ɗorawar. Mu ga ko rana za ta faɗo.'"

"An yi ciniki? Ya ce ya sallama?"

"Ba a kai nan ba. Mutane suka fara zamewa."

Zulai ta miƙe. Daga zauren ana jin kukan injin zarto can wajen fadama, yana hawa yana sauka.

"Bari in kai ki a babur."

"Da ƙafata zan je. Ka zauna a nan. Ko ka ji itacen ya faɗi kada ka fito."

Rana ta take tsaka lokacin da ta isa. Marken yana kwance, an datse rassansa an tara gefe. Mutum biyu na kan kaɗanya, ɗaya da injin, ɗaya da igiya. Ɗorawar na can gaba da su, 'ya'yanta na reto gungu-gungu, rabi kore rabi ja. Zulai ta kalle ta sau ɗaya ta kau da kai.

Lawal na tsugune a gangaren fadama kusa da injin ban ruwa, injin a kashe. Kusa da shi wani mai tumbi da hula a karkace yana cin goro. Da Lawal ya hango ta sai ya miƙe, ya sake tsugunawa.

"Yaya. Sannu da zuwa. Da rana haka?"

"Sannu da aiki, Lawal. Ina gajiya?"

Suka gaisa yadda ya kamata. Ya tambayi maigidanta, ya tambayi ƙafarta da ke ciwo, ya tambayi mutanen Makarfi. Ta tambayi iyali, ta tambayi aiki, ta tambayi zafi. Babu wanda ya kalli tudu. Injin zarto na ta kuka.

"Wannan shi ne Jumare," in ji Lawal.

"Hajiya, barka da rana. Ke ce mai daddawar nan da ake ji tun daga tasha?"

"Ni ce. Kai ne mai baƙanta wa mata tukwane?"

Jumare ya yi dariya har hularsa ta kusa faɗuwa.

Zulai ta zauna a kan kunya, ta dubi albasa. Ganyen ya kwanta, bakinsa ya yi fari.

"Tana son ruwa."

"Tana so," in ji Lawal. "Ni ma ina son abubuwa da yawa. Tun da aka cire tallafin mai nake ɗiga wa injin nan mai kamar mai ba jariri magani. Sai rana ta yi sanyi nake tayar da shi, kada ƙasa ta shanye a banza. Yanzu kuma wai za a ƙara haraji. Kin san dalili? Hayaƙi. Wai duniya na ɗumama."

"Haka na ji."

"A bakin wa? A bakin malamin makarantarki?"

"A rediyo."

"Hayaƙin wa?" Ya bugi injin da bayan hannu. "Wannan? Abin da bai kai tunkiya girma ba? Su suka ƙone duniya suka yi arziki, jiragensu ba sa sauka daga sama, sai ni a Likoro zan biya? In ma akwai ɗumamar. Ni ban yarda ba. Zamanin Baba an yi farin da shanu suka riƙa faɗuwa a hanya. Mota nawa ce a garin nan a lokacin? Wa ya ƙona mai?"

"Na tuna. A bayana kake muka je karɓar tsaba."

"To, kin gani."

"Sai dai rafin nan, da har bazara muna wanki a ciki."

"Ikon Allah."

"Ikon Allah ne," in ji Zulai, ta bar maganar a nan.

Jumare ya tofar da goro. "Ni dai Allah ya ƙara wa masu ɗumama lafiya da nisan kwana. Duk sanda suka yi taro a ƙasar waje, gas ya tashi. Duk sanda gas ya tashi, matan Zariya su nemi Jumare. Har masu digiri, Hajiya. A bayan mota suke sa buhun su rufe da darduma."

Daga tudu aka yi ihu a kauce. Kaɗanyar ta yi ƙara, ta karkata, ta zube. Ƙasa ta motsa har inda suke zaune. Injin ya yi shiru. Zulai ta ga mai igiya ya nufi ɗorawar, yana zagaya ta yana duba gefen da za ta faɗi.

Ta buɗe jaka ta fito da ƙullin ganye. Ta miƙa da hannu biyu, duk da ita ce babba.

"Ga na mai gona. Na zo neman izini kamar kowace shekara. Yaushe zan kawo mata mu sauke?"

Jumare ya daina tauna.

Lawal ya kalli ƙullin. Ya san ta sani, ita ma ta san ya san haka. Abu biyu ne a gabansa. Ko ya karɓa, izini ya tabbata, ko ya dubi wadda ta goye shi ya ce mata a gaban baƙo ya ba da itacenta. In kuwa ya karɓa, Jumare zai kai labari majalisa cewa Lawal ya janye bayan ɗansa ya yi masa wa'azi. Hannunsa ya taso daga gwiwa a hankali.

Sai ga ƙarar babur.

Hannun ya koma inda ya fito. Ukasha ya jingine babur a bakin gona, ya gangaro da sauri, waya a hannu, fuska duk gumi. Ya ji faɗuwar itace ne daga gida, bai san wanne ba.

"Gwaggo, na samu—"

"Kai!" Muryarta ta kai har tudu. "Wa ya koya maka tsayawa a kan manya? Ni ce? A can inda ka je ne aka ce maka haka ake yi?"

Ya tsaya cik. Sannan ya ja baya, ya tsuguna a kaikaice, kafaɗarsa ce ke fuskantar mahaifinsa.

"Barkanku da aiki."

Jumare ne kaɗai ya amsa.

"Mai karatun zafi," in ji Zulai. "Ka san zafin da ke ƙasar Turawa, ba ka ga wanda ke ƙone albasa a gabanka ba. Ajiye wayar nan. Ga jarka can, ɗauki ka zuba wa injin mai."

Ukasha ya ɗago ya dube ta. Ya dubi tudu. Mai injin zarto ya riga ya isa gindin ɗorawar, yana share ciyawa da ƙafa don ya samu wurin tsayawa. Ya sa wayar a aljihu, ya cire takalmi, ya naɗe ƙafar wando. Ya buɗe jarka ya karkata ta a bakin tanki.

"A gaya masa kada ya cika har baki," in ji Lawal, yana kallon albasa.

"Ka ji," in ji Zulai.

Ya rage. Ya rufe tanki, ya taka injin da ƙafa, ya ja igiya. Bai tashi ba. Ya sake ja. A ja na gaba injin ya yi tari ya feso masa baƙin hayaƙi a fuska. Ukasha ya ja baya yana tari shi ma, idanunsa na ruwa, farar rigarsa ta ɓaci.

Jumare ya riƙe ciki. "Malam, a hankali! Kada ka narkar wa Turawa da ƙanƙara!" Ya ɗaga murya wajen tudu. "Ku zo ku ga! Malamin kimiyya na ɗumama duniya da hannunsa!"

Ma'aikatan biyu suka kwashe da dariya daga can. Ukasha ya goge fuska da hannun riga. Ya ja tiyo ya kai bakin kunyar farko, ruwa ya fara bin albasa.

Lawal bai yi dariya ba. Zulai na kallon gefen fuskarsa, ta ga jijiyar wuyansa ta tashi. Abin da yake so a kai majalisa ya samu, har da shaidu: mai wa'azin hayaƙi ya tayar da injin da hannunsa. Amma baƙo na yi wa ɗansa dariya a gonarsa, shi kuwa ba shi da bakin da zai kare ɗan fari. Jumare bai lura ba.

"Wallahi sai na ba da labarin nan a shagon mai shayi. Malam, ko za ka zo ka taya mu haɗa wutar gawayi? Ka iya hayaƙi."

"Jumare," in ji Lawal.

"Na'am, Malam Lawal."

"Yaranka me suke yi a gindin itacen can?"

"Ɗorawar mana."

"Ka ga ɗorawa da 'ya'ya ɗanyu ka kafa mata zarto? A garinku haka ake yi?"

"Haba! Kai fa ka ce har da ita. A gaban jama'a."

"Mun yi ciniki?"

"Ai ciniki ba wuya, yanzu ma—"

"Na ce na sallama?"

Jumare ya dubi Zulai, ya dubi Lawal, ya gyara hula. "Malam Lawal, injin nan haya na ɗauko. Daga nan Furana zan wuce. In na tafi ban san ranar dawowa ba."

"Allah ya kiyaye hanya. A bari a sauke tukuna."

"Sannan?"

"Sannan mu gani."

Jumare ya daɗe a harkar, ya san ma'anar mu gani. Ya ɗaga hannu ya yi wa yaransa alama. Mai injin ya saɓa shi a kafaɗa, suka koma kan kaɗanyar da ke kwance. Shi ma ya bi su yana gunguni, yana cewa mutanen Likoro magana biyu gare su kamar rediyo.

Lawal ya miƙo hannu ya karɓi ƙullin. Ya shinshina, ya tura a aljihun gaba.

"Ba ta bushe ba, Yaya. Sai an ɗan kwana biyu. Zan sa Mukarrama ta kira ki."

"Allah ya kai mu."

"Kuma ba don zancen wancan ba ne."

"Wa ya ce don shi ne?"

"Duniya ba ta ɗumama komai. Haraji suke so."

"Harajin dai zalunci ne," in ji Zulai.

Ta yunƙura za ta tashi, ƙafarta mai ciwo ta ƙi. Ta koma ta zauna, ta ce a ba ta ruwa. Lawal ya ɗebo mata a murfin jarkar ruwan sha, ta shanye, ta nemi ƙari. Suka zauna, injin na kuka, Ukasha na matsar da tiyo daga kunya zuwa kunya. Da ya kai ƙarshen layi Lawal ya ce a gaya masa ya kashe, mai ba ruwan rafi ba ne, kuma a kai Yaya tasha kafin motoci su ƙare.

Ukasha ya ɗauke ta a babur. Rigarsa na warin fetur. Sai da suka hau hanyar gari ya juyo da kai kaɗan.

"Gwaggo, abin da na faɗa jiya gaskiya ne fa."

"Na ce ƙarya ne? Ni da nake tsaye gaban murhu na san zafin ya canja. Shi ma da yake ƙara wa rijiya zurfi kowace shekara ba makaho ba ne. Amma maganar da ya yi ta wa zai biya fa?"

Ukasha ya kauce wa rami. "Wannan yana da gaskiya. Ba shi ya kamata ya biya ba."

"Ka faɗa jiya?"

"Ban kai nan ba."

"Da daga nan ka fara."

Suka wuce wasu mata ɗauke da itacen girki. Ɗaya ta gane Zulai ta ɗaga mata hannu.

"Bayan an sauke fa?" in ji Ukasha. "Cewa ya yi mu gani."

"Da an sauke, ruwan sama zai zo, ya shuka masara. Wa zai kayar da itace a kan masara? Kafin kaka ya huce. Da ma ba da itacen yake fushi ba."

"In mai ya sake tashi fa?"

"Sai in sake zuwa. Kai dai kalli hanya."

Inda hanyar ta hau tudu Zulai ta waiwaya. Ana hango kan ɗorawar bisa gonaki, ita kaɗai, da fili a dama da hagu inda sauran biyun suka tsaya da safe. Ta gyara zama ta riƙe ƙarfen baya da kyau.